Hatsin taimako ya zo, to ina mahaɗin?

Maman Nana: Salamu alaikum jama'ar zaure, an tashi lafiya, ya ruwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu abin ne ya tsaya mini a rai tun jiya. Na raka ƙanwata likita da ɗiyarta mai wata 14, yarinyar ta fi sati biyu tana zawo ta ƙi kunu ta ƙi komai sai kuka, da muka shiga madam mai duba yara ta ɗauko ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake zagaya ma yara a damtse ta ja shi, wallahi ina kallo ya wuce kore ya wuce ruwan ɗorawa ya je ya tsaya cikin ja. Madam ta ce me kuke ba ta a gida, ƙanwata ta ce kunu da tuwo da fura, ta ce da me a ciki, sai muka yi tsit. Abin da ya ɗaure mini kai gidan nan ba wai ba hatsi ba ne, mijinta ya samu na sauƙin farashi da gwamnati ke saidawa, yanzu haka da saura cikin buhu bayan ƙyaure. Ciki na cika yarinya na ƙarewa. To ni tambayata, don me taimakon talaka kullum hatsi ne hatsi ne, in an yi abin kirki shinkafa? Ina wake ina mai ina ɗan abin miya? Ko gayan tuwo aka ce mu ci?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinya lafiya. Amma Maman Nana ki yi mini afuwa, da babu gara ba daɗi. Mutumin da ya kwana biyu ba a ɗora tukunya gidansa ba kina ce masa wake da mai, shi tiya guda ta hatsi ita ce duniyarsa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A fara cika cikin tukun a yi maganar gina jiki daga baya

Maman Nana: Daga baya yaushe Ɗan Birni? Yarinyar da ke cikin ja za ta jira daga bayanka?

Manjo mai ritaya: Amin amin. Ɗiyata Maman Nana kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, na yi shekara sama da 30 ina aikin asibiti daga Tanut har Magarya kafin in aje. Ma'aunin da kika gani in ya nuna ƙasa da milimita 115 shi ne ja, tamowa ce mai tsanani, kada ku yi wasa da ranar da aka ce ku koma, kuma ba a biyan kuɗin ganin likita ga yaron da bai kai shekara 5 ba tun 2006 doka ce a Nijar. Gyara ɗaya zan yi miki, ba daidai ba ne a ce ba a taɓa haɗawa da wake da mai ba, rabon da PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke yi akwai hatsi da wake da mai da gishiri a ciki. Amma babban abin da ya fi isa hannun mutane da yawa wato saidawar sauƙin farashi ta OPVN, ofishin ajiyar abinci na gwamnati, hatsi ne da dawa da masara da shinkafa, nan kam kin yi gaskiya. Kuma ɗana Ɗan Birni, cikin babba da cikin jariri ba ɗaya ba ne. Kai in ka sha fura kwano guda ka hau babur ka yini. Yaro mai shekara guda cikinsa ɗan mitsitsi ne, in aka cika shi da kunu tsararo ya ƙoshi da ruwa ne kawai, ba wurin da wani abu zai shiga kuma. Shi ya sa za ka ga rumbu cike yaro a kwance.

Ɗan Birni: Baba Manjo ban ƙi ta taka ba. Ni dai tsorona kada garin neman gira a rasa ido, a ce za a ƙara wake a zo a rage hatsin

Hajiya Iya: Jikana ne ke rubuta mini ni ban iya latsa abin nan ba. Ku yaran yanzu ba ku ga yunwa ba, mu mun ga ta 1984 da ake ce ma El Buhari lokacin da aka rufe iyakar Najeriya, jar dawa aka kawo mana daga ƙasar waje wadda ko kaza sai ta yi tunani kafin ta tsattsaga, muka ci muka gode Allah. Anza muka jiƙa kwana da kwanaki ana canza ruwa don ɗacin ya fita. Amma abin da zan gaya muku ko a wancan lokaci uwayenmu ba su ba mu tuwo gaya ba, akwai tafasa akwai yaɗiya akwai gasaya da rama, a dafa a matse a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Daudawar kalwa ce miyarmu. Yanzu yarinya ta tafasa ruwa ta jefa Maggi biyu da garin kuka ta ce ta yi miya. Ni ban ɗora ma gwamnati laifi duka ba, mu ma mun saki namu

Maman Nana: Iya Allah ya ƙara girma, gaskiya ne amma ƙuli-ƙulin ma yanzu kuɗi ne fa, kuma mu na cikin gari ina muka ga dajin da za mu tsinko tafasa, duk an yanka filaye an gina. A unguwar Garin Malam nan Damagaram ganyen da kike faɗi saye muke yi kashi-kashi

Alhaji na Kasuwar Dole: Salamu alaikum. Ni hatsi da wake nake saidawa tun ina saurayi don haka bari in faɗi abin da na sani ta ɓangaren buhu. Gwamnati ba don ƙeta take ajiye hatsi ta bar wake ba. Hatsi kana iya jibge shi a magaza shekara ya zauna lafiya in ba ruwa ya taɓa shi ba, wake kuwa wata biyu uku in ba ka yi dabara ba ƙwari sun mai da shi gari, ka buɗe buhu ka ga rami-rami kamar rariya. Wanda zai ajiye ma ƙasa guda abinci dole ya yi wannan lissafin. Sai dai kuma yanzu wannan uzurin ya ragu tunda akwai buhun nan mai ciki uku na PICS, leda biyu a ciki buhu a waje ka ɗaure kowane daban iska ba ta shiga ƙwarin su mutu da kansu ba ka sa magani ba, ni da shi nake ajiya yanzu. Abin takaicin ƙasarmu tana cikin manyan masu noman wake a duniya, in ka cire Najeriya ba wanda ya kai mu, amma da kaka ta yi motoci ne ke layi suna kwasa zuwa Maigatari da Dawanau ta Kano. Manomi ya saida da arha don ya biya bashi ya yi bikin ɗiya, damina ta zo ya dawo wurina yana tambayar tiya nawa ya ji farashi ya juya. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi da wake waje in ban da Mali da Burkina, to ni a ganina hanawa kaɗai ba ta isa ba, in ka hana mutum saidawa waje sai ka saya daga gare shi da farashin da ba zai yi kuka ba ka ajiye ka fito da shi lokacin da ake fito da hatsin sauƙin farashi.

Ɗan Birni: Alhaji ai ku ne masu ɓoyewar hhhh

Alhaji na Kasuwar Dole: Yaro ka kiyaye ni. Wanda ya ajiye da kuɗinsa ya ɗauki asarar ƙwari da faɗuwar naira ba ɓarawo ba ne. Ranar da farashi ya faɗi na yi asara ban gan ka ka zo jaje ba

Admin: A yi a hankali don Allah, Ɗan Birni Alhaji sa'an babanka ne

Ɗan Birni: Wasa nake Alhaji a gafarce ni

Ɗalibar jami'a: Ina wuni iyayena da yayyena. Ni ina karatu a jami'ar André Salifou kuma abin da kuke gardama a kai an taɓa gwada shi a nan ƙofar gidanmu ba a wata ƙasa ba. A 2011 PAM tare da masu bincike na cibiyar nazarin abinci ta IFPRI sun bi ƙauyuka da yawa a yankin Mirya, wasu ƙauyukan aka ba su kuɗi wasu aka ba su abinci wato hatsi da wake da mai da gishiri. Abin da aka gani waɗanda aka ba abincin sun fi cin abinci iri-iri, waɗanda aka ba kuɗi kuwa da yawansu hatsi suka je suka saya buhu-buhu suka ajiye, wasu suka sa a gona. Kuma ni ban ga laifinsu ba, mutumin da ya san farashi zai hau cikin damina hankali ne ya sa shi sayen hatsi. Amma ya nuna in ba a sa waken cikin rabon ba ba zai shiga tukunyar ba. Akwai wani kuma da aka yi a Madarunfa cikin jihar Maraɗi shi ma 2011, yara 'yan wata 6 zuwa 23, gidajen da aka haɗa musu kuɗi da abincin yara na musamman tamowa ta ragu da kusan rabi in aka gwada da waɗanda aka ba kuɗi kaɗai. Wato maganar Yaya Ɗan Birni da ta Maman Nana duka biyu ake so a lokaci guda, a cika cikin gida sannan a ware na yaro, in ba haka ba na yaron ma gida ne zai cinye

Manjo mai ritaya: Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Wannan na ƙarshen da kika faɗa na gan shi da idona ba sau ɗaya ba. Plumpy'Nut da ake ba masu tamowa, ɗan ƙullin gram 92 ne gujiya da madara da sukari da mai da sinadarai, magani ne ba alewa ba, tun 2005 ake yin shi a Yamai. Uwa ta karɓi na sati ta koma gida yara biyar sun zuba mata ido, za ta ba ɗaya ta hana huɗu? Sai a raba. Wata ta saida biyu ta sayi tiyar hatsi. Ka zo awo sati na gaba yaro bai motsa ba. Da ina faɗa ina ɗaga murya, daga baya na gane yunwar gidan ce ke cin maganin

Ɗan Zongo a Amurka: Salam 'yan uwa nan dare ne na taso daga aiki na tarar da saƙo 60. Abin dariya wannan gardamar ita ake yi a nan ma. Akwai taimakon abinci na gwamnati da suke ce ma SNAP, kati ne kamar na banki ana zuba kuɗi duk wata mutum sama da miliyan 40 ke karɓa, ba ka iya sayen giya ko taba ko dafaffen abinci mai zafi da shi amma shekara da shekaru kana iya sayen lemun kwalba da alewa, sai a 2025 wasu jihohi suka samu izinin hana lemun. Su matsalarsu ƙiba da ciwon sukari ne ba rama ba, amma tushen ɗaya ne abin da ke cika ciki da arha shi talaka ke saye. Abin da ya fi burge ni ba hanawar ba ce. A jihar Mishigan tun 2009 suka fara wani tsari in ka sayi ganye da 'ya'yan itace na dala 10 ta Amurka da katinka sai a ƙara maka wata 10 kyauta ka ƙara sayen kayan lambu, manomin yankin ya samu ciniki kai ka samu miya. A Masacusets kuma sun gwada mai da ma mutum santi 30 kan kowace dala da ya kashe a kayan lambu, cin ganyen ya ƙaru da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Sannan akwai WIC na mata masu ciki da masu shayarwa da yara ƙasa da shekara 5 shi kam an rubuta abin da za ka ɗauka ne madara ƙwai wake man gujiya da sauransu. Ban ce a kwaso nasu a kawo Damagaram ba ni na san gida, amma dabarar a ƙara maka in ka sayi mai kyau ta fi a tsaya kanka da bulala

Ɗan Birni: Yaya dalar taku ba irin tamu ba ce, mu dala 10 ko ƙosai ba ta saye da kirki hhh. Kuma mai tallan yakuwa a Kolliya ina ta ga injin karɓar kati

Ɗan Zongo a Amurka: Ai ba sai da inji ba ƙanena, takardar bon da ake karɓar kaya da ita ma ta isa

Alhaji na Kasuwar Dole: Bon kuma? Na taɓa shiga irin wannan da wani furoje ba zan kama suna ba, muka ba mutane kaya muka tara takardu, kuɗinmu sai da ya yi wata huɗu bai fito ba ni da nake juya jari kullum. Kuma wallahi a gabana ake saida bon ɗin, na jika 5 a ba da shi jika 3 da rabi don mace na son kuɗin magani. Duk wanda zai kawo bon ya fara shirya yadda zai biya ɗan kasuwa cikin sati in ba haka ba manyan 'yan kasuwa biyu uku ne kaɗai za su iya kuma su za su yanka farashin da suka ga dama

Mai lambu daga Gidimuni: Assalamu alaikum ni ban cika magana a zauren nan ba amma yau dole. Ku zo Gidimuni ko Mirya ko Matamai cikin watan Janairu da Fabrairu ku ga tumatir da shu da salati yadda suke zubewa, kwando guda wani lokaci kuɗin motar kai shi Damagaram ya fi abin da za a saya, bara da hannuna na zuba ma awaki shu. Matanmu na yanka tumatir su shanya kan tabarma ya zama kauɗa, zogale ma haka kuɓewa ma haka. To lokacin da yara ke faɗawa tamowa wato damina lambu ya tashi kowa na gona. Da gwamnati za ta sayi busasshen nan a hannunmu lokacin da yake banza ta ajiye, ba ya ruɓewa ba ya son firiji, ranar rabon hatsi a ɗora ma kowace mace ƙullin kauɗa da na zogale da tiyar wake, da mu mun tsira da ku kun tsira. Kuɗin bai fita ƙasa ba ko jihar ma bai fita ba

Mushe na ƙauye: Mai lambu ka faɗi abin da ke bakina. Ni ina koyarwa a wani lakwal na ƙauye mai kantin, ranar da hayaƙi ya tashi a madafa aji cike yake har waɗanda ban gani ba tun sati biyu sai ga su da kwanonsu, ranar da kaya suka ƙare kuwa in ƙirga yara da yatsu. Kuma na lura ranar shinkafa da wake da mai bayan sun ci ba mai gyangyaɗi. A ƙasar Barazil a 2009 suka yi doka cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makarantu a hannun ƙananan manoma za a kashe shi. Mu da muka yi ta jin 3N tun 2012 wai 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar ai wannan ne ma'anarsa in da gaske ake, ba a kawo shinkafar Tailan da man waje a ba ɗan manomin wake ba. Akwai ma irin hatsin nan Chakti da masu binciken noma na ICRISAT suka fitar a 2018 mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini kuma yana nuna da wuri, in dai hatsin za a raba dole to a raba irin wannan mana

Maman Nana: Duk na ji kuma na ƙaru wallahi. Amma akwai wadda ba wanda ya taɓo cikinku maza kuma na san dalili. Ko an kawo waken ko an kawo kuɗin hannun wa zai shiga? Kuɗin filets sociaux da ake ba mata duk wata, da jika 10 ne aka mai da shi 15, sunan mace ne a takarda amma ku tambayi matan ƙauye nawa ke kwana a hannunsu. Ana dawowa daga wurin biya maigida na zaune bakin zaure. Sannan mu faɗi gaskiya maigida ya fita da safe ya zauna wurin mai shayi a soya masa ƙwai biyu da burodi, da dare ya tsaya wurin mai tsire ya ci na dala ɗari shi kaɗai ya goge baki ya shigo gida ya tarar da tuwo da miyar kuka ya ce shi ya ƙoshi. Yaran fa?

Uwar 'yan biyu: Maman Nana Allah ya biya ki!!! Ki ƙara da ƙarfi na baya ba su ji ba

Ɗan Birni: Kai jama'a yanzu kuma kanmu aka dawo. Ni tun asuba nake kan kabu-kabu cikin rana da ƙura in ban sa wani abu a ciki ba faɗuwa zan yi da fasinja. Kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, ku ma mata akwai masu saida rabon su zuba adashi ko su yi anko

Uwar 'yan biyu: Adashin da shi ake sayen maganin ɗanka ranar da ka ce ba ka da ko dala

Malam na Karkada: Salamu alaikum. A sassauta. Ciyarwa wajibi ce kan miji ba alfarma ba, aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ɗora abincin mai shayarwa da tufafinta kan uban yaro gwargwadon hali. Wanda ya ci nama a waje ya bar mai goyo da gaya ya binciki kansa. Kuma abin da aka ba mace da sunanta don yara amana ce ba ganima ba. Ni ina ganin mu masu hawa mumbari muna da laifi a nan, mun fi yawaita wa'azi kan wasu abubuwa mu bar wannan

Manjo mai ritaya: Malam tunda ka ce haka don Allah ka haɗa da maganar ƙwai ranar Juma'a. Har gobe akwai gidajen da ba a ba yaro ƙwai wai zai yi sata, mai ciki ma a hana ta. Ga shi yanzu damina ce ƙwan zabi ya cika gari yara na yawo da shi a tire, lokacin da ya fi arha shi ne daidai lokacin da tamowa ta fi kama yara, uwa na da zabi ta tara ƙwan ta aika kasuwa ta sayo Maggi da taliya. Wannan ba gwamnati ce za ta gyara shi ba. Amma inda gwamnati ke da hannu, binciken da ake yi kusan duk shekara yana nuna jiharmu yaran da tsawonsu bai kai na shekarunsu ba sun kai rabi ko sun fi, muna cikin na gaba a ƙasa mu da Maraɗi, alhali mu ne masu noma. Je ka asibitin Magarya cikin watan Agusta da Satumba lokacin da zazzaɓin sauro ya haɗu da yunwa ka ga yadda gadajen yara ke cika. Kuɗin da ake kashewa a warkar da yaro guda da ya kwanta da an sayi wake da shi tun farko da ya ciyar da gida nawa

Uwar 'yan biyu: Baba Manjo ni matsalata da wake itace. Wake na cin wuta, ko ka sa kanwa sai ya ɗau lokaci, ga ruwa a garin nan kun san halin da muke ciki da bazara bido sai ka bi layi tun dare ko ka saya wurin 'yan garuwa da tsada. Matatar mai ta SORAZ na nan bayan gari tun 2011 tana yin gaz amma gidaje nawa ke da butel a unguwarmu. Shi ya sa taliya ta ci gari, minti kaɗan ta nuna a zuba mai da yaji a tashi

Manjo mai ritaya: Ba sai kin dafa shi gudansa ba ɗiyata. Ki auna hatsi gwangwani uku wake ko waken suya gwangwani ɗaya gujiya gwangwani ɗaya, ki soya kowane daban sama-sama har ya yi ƙamshi, ki cire ɓawon waken ki haɗa a kai inji a niƙa ki tankaɗe ki zuba a roba mai murfi. Kullum ki ɗebi kaɗan ki dama ki bar shi ya tafasa sosai, ya yi kauri yadda in kin karkata cokali ba zai zube kamar ruwa ba, ki ɗiga mai cokali guda in da garin zogale ki barbaɗa. Garin Misola da ake saidawa ma asalinsa ke nan hatsi da waken suya da gujiya sai sinadaran da suke ƙarawa. Ƙungiyoyin mata irin Mata Masu Dubara da aka faro a Maraɗi tun 1991 za su iya yin shi buhu-buhu in an ba su jari aka kuma yi alkawarin saye, a riƙa ba duk mai goyo ranar awo

Wata baiwar Allah: Ni duk wannan lissafin naku na waɗanda sunansu ya shiga ne. Mijina ya rasu shekara uku ke nan yara huɗu, sau biyu ana zuwa rubuta suna a unguwarmu ba zan faɗi wace ba, sau biyu ina ba da takarduna ranar rabo in je a ce ba ni ciki, ina tsaye wata mai zoben zinari ta sa aka ɗora mata buhu a adaidaita. Ku fara gyara wannan kafin a kai ga zogale

Ɗalibar jami'a: Inna Allah ya jiƙansa. Wannan gaskiya ne kuma ya fi komai ciwo. Shi ya sa wasu ke cewa abin da ya shafi yara kada a yi shi da lis ko kaɗan, duk mai ciki da duk mai yaro ƙasa da shekara 2 da ta zo awo a CSI wato ƙaramin asibiti a ba ta, katin awon shi ne shaida ba sai wani ya san ki ba

Ɗan Birni: To wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. In dai ba za a taɓa hatsin ba ni ban da ja. Amma ku rubuta ku ajiye ranar da aka fara rabon garin nan sai kun gan shi a tebur a kasuwa

Alhaji na Kasuwar Dole: Ko an gan shi a tebur cikin wani yaron zai shiga ai. Baiwar Allah ki turo babban ɗanki rumfata gobe bayan azahar, Admin ya san wurin

Maman Nana: Na gode ƙwarai jama'a. Yanzu ƙanwata ta kira ta ce yarinyar ta shanye rabin ƙulli ɗaya ba ta yi amai ba, alhamdulillahi, Talata za mu koma awo. Baba Manjo garin nan da ka faɗa za a iya ba ta tare da maganin ko sai ta gama? Kuma wa ya san injin da ba a niƙa barkono a ciki wajen Garin Malam, na wajenmu duk abin da ka kai sai ya dawo da yaji

Manjo mai ritaya: Ta fara cinye na likita yadda aka ce kullum, nono kada a tsaya, ruwan sha mai tsabta kusa da ita don abin na sa ƙishi. Garin ku tambayi madam ranar Talata ita ta ga yarinyar ni ban gan ta ba

Hajiya Iya: Jikana ya ce in faɗa miki akwai zogale a bayan ɗakina ya yi yawa har yana taɓa waya, ki aiko a yanka. A inuwa ake shanya shi ba a rana ba

Ɗan Birni: Maman Nana in kin tashi aikowa ki kira ni in kai yaron in dawo da shi, amma kuɗin esansi dai a taimaka litar ba ta san zumunci ba